Taswirar Baba Mati

Ni ma'aikacin awon filaye ne a Katsina,
da na'ura mai ƙafa uku nake cin abinci.
Kakana Mati kuwa, tun da yana ta rufe masa ido,
da kunne yake auna ƙasa.

Wata Laraba ya ce in kai shi tsohuwar gonarsa,
can bayan Ajiwa.
Na ɗora shi a babur,
sandarsa a gicciye tsakanina da shi.

Ba mu yi nisa ba ya taɓa kafaɗata:
"Gobarau ke nan.
Ka ji hasbiya? Mai jan kwalli, mai ɗigon fari a fiffike.
Ita sai bisa,
ramin tsohon gini ko wuyan giginya.
Ba ta kwana inda kyanwa za ta miƙa hannu."

Wajen 'yan hatsi fukafukai suka tashi kamar tafi.
Ya yi dariya.
"Tattabaru, 'yan gida.
Tukunyar da aka rataya a bango ita ce garinsu.
Na iske su Agadas, na iske su Ikko ƙarƙashin gada,
na iske su Makka suna ratsa sahu.
Duk inda mutum ya zubar da tsaba
sun riga shi yin sallama."

Ta kurciya bai ko tsaya ba.
"Wannan kowace darbejiya tata ce.
Tsinke biyar ta gitta, ta ce ta yi ɗaki,
kana ƙasa kana hangen ƙwanta."

Muka fita ta Ƙofar Ƙaura.
Kwalta ta ƙare, yashi ya karɓe mu,
ƙaya da aduwa, sai ƙarar injin.
Ya ce in kashe.
Muka yi shiru har gumi ya sauko mini a gira.
"Bardo," in ji shi, a hankali.
"Ɗan ƙarami mai dogon bindi, yana kiwo a ƙasa.
Damina ta yi, ya nufi arewa, har bayan Maraɗi,
rani ya dawo mana.
Bai taɓa nuna wa kowa takarda a kan iyaka ba."

Kusa da dam iska ta yi sanyi.
Wata murya mai kauri ta fito daga duhuwa.
"Wala. To, ruwa na hannunka na dama."
Na duba. Yana nan.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi,
shi kuwa gidajen yake ji a cikin kukan.

Saura guda.
Kurciyar gamji, koriya, mai cikin rawaya,
wadda ba ta kuka, sai fito,
wadda ba ta son taka ƙasa.
Gamji uku ne a bakin gonarsa,
nan take cin 'ya'ya tana jefo masa saura a hula.

Na tsaya inda gonar take.
Bulo ne a jere, da yashi tifa biyu.
Ga turakun siminti, kowanne da lamba,
rubutun kuwa na gane shi,
nawa ne, na bara.

Ya karkata kai hagu, ya karkata dama.
Mai haɗa kwaɓi yana buga shebur.
"Ba mu iso ba, Sagiru.
Ƙara gaba."

Na tada babur.

Mun yi tafiyar da ta kai mil biyu
kafin wani ɓaure, a gonar wanda ban sani ba,
ya sako mana fito daga cikin ganye.
Ya sauka da kansa, ya laluba gindin itacen,
ya cire hula ya tara.
"Yawwa," ya ce. "Ai na gaya maka."

Ban gyara masa ba.

Washegari a ofis na shimfiɗa taswira.
Akwai alamar hanya, akwai ta rijiya,
akwai ta makabarta da ta turken lantarki.
Na daɗe da fensir a hannu
ina neman inda zan rubuta
nan ne fito ya koma.