Kallon Nesa

Likitan ido ya ce da ni, "Tela,
idonka ya gaji da kafar allura.
Ba magani zan rubuta maka ba,
je ka nemi inda za ka kalli nesa."

A cikin Daura ina nesa?
Katanga ce, bayanta wata katanga.
Sai na tuna ɗan gandun dajin nan na hanyar Sandamu,
wanda muke wucewa a guje, ko waiwaye babu.

Ran Asabar na lulluɓe keke da zane,
na ɗora Barira a tankin babur, Lurwanu a baya,
da goran ruwa, da ƙuli-ƙuli, da tsohuwar tabarma.

Babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗi.
Allon gwamnati ne kawai a karkace,
tsatsa ta cinye rabin gargaɗin,
saura HANA, saura ITACE,
wata akuya na susa da ƙarfensa.

Muka bi sawun shanu, don shi ne hanya.
Ruwan jiya bai gama sallama da ƙasa ba,
ƙamshinsa ya gauraya da na sabara.
Kalgo, geza, aduwa mai ƙaya,
ina ta kiran sunayensu
kamar mai gaida dangi a gidan suna,
har muka iso ga wata doguwa mai toka-tokan ɓawo,
sunan ya maƙale mini a maƙogwaro.

"Baba, wannan fa?"
Na yi tari. Na dubi sama.
Wata tsohuwa mai tsintar ƙirare, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Marke ne, ɗan birni.
Da shi kakanka ya yi asuwaki."

Lurwanu ya ɗaga waya sama yana farautar sabis,
bai samu ba, ya cusa ta aljihu da fushi.
Ba a jima ba sai ihunsa daga bayan magarya:
bushiya ce, ta dunƙule
kamar curin tsumman da nake soke allurai.
Muka tsuguna mu ukku, muka yi tsit,
har ta gaji da tsoronmu, ta fiddo ɗan hancinta,
ta shinshina takalmin Barira, ta yi gaba abinta.

Ba wani babban daji ba ne, kar in yi ƙarya.
In ka kasa kunne za ka ji injin niƙa daga ƙauye.
Akwai leda rataye a ƙaya,
akwai kututture sabon sara, ko bushewa bai yi ba.
Barira ta ƙirga goma sha ukku,
ta ce wa ya yi.
Na ce masu neman abin dafa tuwo ne.
Ta ce, "Har da namu?"
Na miƙa mata ƙuli-ƙuli.

Sai na kwanta rigingine a gindin kanya.
Ganye, bayan ganye reshe, bayan reshe
shirwa guda can ƙololuwa,
tana kewayawa, ba ta ko kaɗa fiffike.
Na bi ta da ido har ta koma ɗigo,
ɗigon ya ɓace,
ban daina kallon wurin ba.
Hawaye suka gangaro, ba na komai ba,
irin wanda ido kan yi in ya samu miƙe ƙafa.

La'asar a kan faƙo muka yi ta,
alwala da ragowar ruwan gora,
cilakowa na ta surutu bisa kanmu.

Da dare Tasalla ta zauna gaban fitila
tana cire ƙarangiya daga wandon yaro, ɗaya bayan ɗaya.
"Mutane na kai 'ya'yansu gidan biki,
kai kuma sai jeji."
Barira ta yi barci da ƙwallon aduwa a tafin hannu.

Da safe na yaye zanen keke,
na lashi bakin zare, na nufi allura.
Na farko ya kuskure. Na biyu ma haka.
Na ɗaga ta saitin taga, na leƙa ta cikin kafar,
sai ga shirwa.