Wardin Kanti

Albashin sati uku na zube a kan kanta,
a wani ɗan shago bayan titin Shishman, a Sofiya,
inda ba a liƙa farashi jikin kaya,
sai ka tambaya, a faɗa maka ƙasa-ƙasa
kamar ana yi maka ta'aziyya.

Bojidar mai shagon ya ɗauko ta da hannu biyu.
Ya ce kwalba ɗari uku kacal aka yi,
ya ce wardin Kazanlak ne, tsinkar asuba,
ya ce, ya ce.
Ni Kazanlak kawai na ji,
sauran zancen ya bi iska.

Can aka yanke cibiyata.
Kaka Ginka ta shekara arba'in cikin kunyoyin wardi,
ƙarfe huɗu na asuba, daga Mayu zuwa Yuni,
buhu a ƙugu, siket sharkaf da raɓa,
ƙaya ta zane bayan hannunta kaca-kaca.
In ta dawo takan tallabe fuskata,
tafinta na tashin fure da laka da gumi,
da tafarnuwar daren jiya,
da ɗan ƙarnin jinin da ƙaya ta sha.

Bana shekara shida da muka rufe ta.
Muryarta na cikin wayata, hotonta na bango.
Ƙamshin ne na rasa inda ake ajiye shi.

Ban shinshina a shago ba,
gudun kada in yi kuka gaban baƙo.
Na rungumo kwalin cikin kwat, ƙanƙara na zuba,
na hau bene shida, na kashe rediyo,
na wanke hannu har sau biyu,
sannan na fesa a wuyan hannu.

Da fari, ɗakin allura.
Sai wani zaƙi ya biyo, na alewar yara,
sai sabulun otal,
sai ƙamshin katako mai sheƙi,
irin na ofishin manajan banki ranar da ya hana ni rance.

Wardi na ciki, ban ce babu ba.
Amma an yi masa wanka, an aske masa ƙaya,
an ɗaura masa lakataye.
Na gaishe shi da sunan gida,
ya dube ni sama da ƙasa, bai gane ni ba.

An ce a ba shi awa guda ya buɗe.
Na ba shi uku, ina zaune bakin gado
da hannu a hanci kamar mai haɓo.
Kafin sha biyun dare babu abin da ya rage
sai rasit.

Da safe Tsvetanka maƙwabciya ta tare ni a matakala:
“Radka, garin sabulun wanki kika sake?”

Na koma wa Bojidar.
Ya ce abin da aka buɗe ba ya dawowa,
ya ce wataƙila fatata ce ba ta karɓe shi ba.
Wai fatata.
Fatar da Ginka ta cuɗa da hannunta.
Na yi wa rogo kallon kitse, na sani,
amma ai ba shi ya ce zai tono mini kabari ba,
ni na kai masa wannan aikin.

Kwalbar na nan kusa da maganin hawan jini,
ina fesawa don kada kuɗina su tafi a banza.

Shekaranjiya na sauya wa shukar taga tukunya,
ban wanke hannu sosai ba na hau yankan tafarnuwa,
wuƙa ta ɗan taɓa yatsa,
na kai baki,
wuyan hannuna ya gifta hancina.

Sai ga ta.
Numfashi ɗaya, ko ɗaya da rabi.

Na tsaya da yatsa a baki, ban motsa ba,
har miyar wake ta tafaso ta kashe wutar.