Layin Famfo a Garin Malam

Asuba ta same mu a layi,
jarka arba'in, famfo sai tari.
Rediyon Lawali ga-ruwa ya ce
an sake sabon tsari a Yamai.
Ba wanda ya ɗaga kai.

Kakana Ɗan Jimo, majemin Birni,
ya bar mini gwangwanin taba.
Ciki katin jam'iyya: gara ta ci sunan,
ta bar hatimi.
Yakan ce fata ba ta laushi ranar jiƙo,
sai ta kwana a bagaruwa, ta yi wari.

To, Kaka, mun yi warin.

Amma jiya Cima, da ta bar lakwal a aji biyar,
ta yage kwalin sukari,
ta rubuta kowa da yawan jarkarsa,
ta ce mai kuɗi ma ya bi layi.
Yaron Alhaji ya zo da mota.
Ya harare ta. Ya bi.

Ban ce juyi ya zo ba.
Duwatsun Damagaram sun sha jin alkawari.
Na dai ga cediya ta tsaga ɗayansu,
ba guduma, ba kiɗa,
saiwa ce kawai ta ƙi komawa.