Gashin Zabo a Gidimuni

Ran Laraba na rufe shago,
na bar wa Tanimun makulli
da riguna uku da ba a yi wa wuya ba.
Na ce duk wanda ya tambaya
ka ce tela ya tafi auna ruwa.

Kaka ta kusa naɗe tabarmarta.
Hatsi ya shige rumbu,
shanu sun bazu a gonaki suna kalar kara.
Fara ta tsufa, ta yi nauyi,
in ta tashi iska ke zaɓa mata masauki,
wasu kuwa a ruwa suke faɗawa.
Na san haka. Karfasa ma ta sani.

Ni ba tana nake sa wa ƙugiya ba.
Dare biyu na yi gaban fitila
da ragowar koren zare
na wata babbar riga da mai ita bai gama biya ba,
da gashin zabo guda
da na tsinta bayan ɗakinmu a Birni.
Na naɗa, na ƙulla, na datse da bakin almakashi
har ta yi ciki, ta yi ƙafa, ta yi fiffike:
farar da ba ta taɓa ɗanɗana gero ba.

Gidimuni ta tarbe ni da iska.
Dabino na sunkuyawa yana ɗagowa
kamar wanda allura ta ɓace wa,
kacalla duk ta kwanta gefe guda,
fuskar ruwa ta yamutse,
yadin da bai ga dutsen guga ba.

Na wurga, iska ta maido mini.
Na sake, ta maƙala ƙugiyar a hulata.
A na uku ta kai ta cikin kacalla,
na bi ta har gwiwa,
sanyi ya hau ni ta ƙashin ƙafa
bai tsaya ba sai a haƙori.

Ɗan Jimma na cikin kwalekwalensa yana jan taru.
Dariya ta kusa kifar da shi.
"Malam tela, kifi ba ruwansa da ado!
Zo in sam maka biyu,
ka je gida ka ce kai ka kama."
Na ce masa madalla.

Marigayi Kiyari, da ya ɗora ni kan keke ina yaro,
ya sha buge mini hannu yana cewa
ba a gardama da yadi, bin zarensa ake.
Sai na naɗe igiyata,
na zaga tafkin ta cikin laka har bakin gabas,
na ba iska baya.
Ban wurga ba. Saki kawai na yi.

La'asar ta yi sakaliya lokacin da ta sauka,
can bayan inda hannuna zai iya kaiwa.
Ta zauna bisa ruwa tana rawar ɗari
kamar mai rai.
Na daina jin iska.

Zobe ya buɗe a ƙarƙashinta.
Sandar ta lanƙwashe, wuyan hannuna ya amsa.
Sau ɗaya ta juyo da gefenta sama,
faɗin tafi biyu, jaja-jaja kamar sabon tagulla,
ta dube ni da ido guda.

Ba igiyar ce ta tsinke ba.
Ƙullin ne ya kwance.
Ƙullina, ni da na shekara ashirin da shida
ina cin tuwo da ƙulla zare.

Motar 'yan rake ta maido ni Damagaram bayan isha,
wando jiƙe, buhu wayam.
Ɗahara ta leƙa ciki, ta dube ni,
ta zubo mini miyar kuka ba ta ce uffan ba.

Yanzu haka a ƙasan Gidimuni
akwai mai yawo da koren aikina a leɓe.
Ta karɓa ba ta taya ba,
ba ta ce a rage tsawo ba,
ita ma ba ta biya ba.

Da asuba na fito da tsabar dawa a hannu.
Zabon ya hango ni,
ya haye katanga.