Ƙofa ta Dubu Uku

Ƙarfe ɗaya na dare, Sheffield ta yi tsit,
sai yayyafin nan da bai san gajiya ba,
da jirgin titi na ƙarshe yana nishi a hawan tudu.
Na janyo manhajar daga rumbun kamfani,
ina kwance ta kamar huhun goro,
fayil kan fayil, kowanne da ganyensa.

Gethin ya ce aikin minti goma ne.
Mai kallo ai ba ya jin nauyin tulu.

Na buga umarni, allo ya yi ja:
ƙofa ta dubu uku akwai mai ita.
Wa ke ciki?
Wani tsohon aiki ne da ban sallama ba tun Laraba,
yana zaune a duhu yana jiran baƙi.
Na ba shi haƙuri, na kashe shi.
Sai ma'ajiyar bayanai ta ce ba ta san ni ba.
Ashe waƙafi ɗaya ne ya ɓata a fayil ɗin sirri.
Awa guda ina lalube,
allura cikin ruwa.

Can dai shafi ya buɗe, fari fat.
Masu amfani: sifili.
Ƙungiyoyi: sifili.
Gari ba kowa, ko kaza.
"Ƙirƙiri mutum na farko."

Takardar jagora ta ce a sa Gwaji Ɗaya, Gwaji Biyu.
Yatsuna suka ƙi.
Na rubuta: Barau Maikeke.
Imel?
Mutumin da ya bar duniya bai taɓa shafa fuskar waya ba.
Na ƙago masa.
Kalmar sirri: harafi takwas, da lamba, da alama.
Na sa sunan da yake kirana in na yi ɓarna,
na liƙa shekarar da ya tafi.
Matsayi: shugaba.
Baba, ga makulli.

Daga nan hannu ya saki.
Inna Ladidi mai daddawa. Tanimu mai faci.
Uwani, sai wata Uwani,
manhaja ta ce suna ɗaya ba ya hawa mutum biyu.
Mu tuni muka warware wannan a unguwa:
akwai Doguwa, akwai ta Gidan Rijiya.

Na kafa ƙungiyar 'yan adashin Juma'a,
na kafa ta masu layin famfo.
Tanimu da Shekarau, da ba sa ga-maciji
tun rigimar iyakar gona,
na zuba su ƙungiya guda, na danna "ajiye".
Ko tari ba wanda ya yi.
Da sulhu haka yake da araha,
da mai unguwa bai yi furfura da wuri ba.

Na aika wa kowa gayyata.
Wasiƙun ba su ƙetare ƙofar ɗakin nan ba,
akwatin gwaji ke hadiye su, sha bakwai cif.
Adireshin garin nan ba ya zuwa ko'ina,
ya fita daga kwamfutata ya dawo cikinta.
Maƙwabciyar da ke tari a bayan bango
ko ta buga shi ba za ta gan mu ba.

Asuba. Motar shara tana kokawa da bola.
Saƙon Gethin: "Ya tashi?
Share bayanan gwaji kafin taron ƙarfe tara."

Layi ɗaya ne umarnin, na san shi da ka.
Allo ya ce: "Kin tabbata?"
Ba wanda ya yi mini wannan tambaya
ranar da na ja akwati na fito.

Shayi ya huce, ya yi fata.
Na kwafe garin gaba ɗaya cikin ƙaramin fayil,
nauyinsa bai kai hoto ɗaya ba,
na raɗa masa suna "kar a taɓa".
Sannan na danna eh.

Masu amfani: sifili.

"Ya tashi," na rubuta wa Gethin,
na je neman lemata.