Shafin da Ya Tafi da Tsire

Rumfata na bakin Kasuwar Barci,
tsakanin mai gyaran rediyo da masu gwanjo.
Tsoffin littattafan bincike nake kasawa a kan buhu,
takardunsu sun yi ja kamar haƙorin mai cin goro.

Akwai wani guda, ba bango, ba suna.
An kashe attajiri a ɗakin karatunsa,
ƙofa a kulle ta ciki, taga da sakata,
agogo ya tsaya tara saura kwata.
Shafi huɗun ƙarshe sun yi ƙafa.
Ina zargin Ɗan'asabe mai tsire,
amma zargi ba shaida ba ne.

Malam Jatau, da ya tsufa yana ba jirgin ƙasa hannu,
ya ara ya kwana uku.
Ya dawo da takardar siminti cike da lissafi:
wane ya shiga ƙarfe kaza, wance ta fita ƙarfe kaza.
Ya ce, "Ni ba jini nake bi ba.
A ba ni jadawali kawai.
Ita ma ƙarya tana da lokacin tashi,
in ta makara minti biyu na kama ta.
Likitan ne. Jirgin da ya ce ya hau
ba ya tashi ran Lahadi."

Saratu nas ta sauko daga aikin dare,
ta karanta a tsaye tana jiran motar Barnawa.
Ta ja tsaki.
"Wannan gawa ta cika tsabta.
Na ɗaga mamaci, na san nauyinsa.
A nan ko kuka babu, sai shan shayi,
sai wani mai gashin baki yana wasa ƙwaƙwalwa
kamar ɗan dara a gindin bishiya.
Ni ka nemo mini ɗan sandan da takalminsa ya huje,
wanda ake bi bashin haya,
yana taka kwata har asuba
yana tambayar waɗanda ba a tambaya.
Mai girkin gidan nan ta ga komai.
Wa ya ce mata sannu?"

Alhaji Mamuda, tsohon magatakardan kotu,
shi daga baya yake buɗe littafi.
Ya juya, ya juya, ya dube ni ta saman tabarau.
"Shekara talatin ina rubuta: an ɗage,
an ɗage, a dawo bayan Sallah.
Wani fayil ɗin ya girmi ɗana.
Littafi ne kaɗai inda ake tara kowa a falo,
a nuna mutum da yatsa, ya sunkuyar da kai.
Abin da nake saye ke nan da kuɗin fanshona.
Yanzu shi ma wannan an ɗage shi?"

Tun daga ranar, kowace la'asar suna nan.
Jatau na zana ɗakin a ƙasa da tsinke,
Saratu na share zanen da takalmi,
Alhaji na cewa a yi magana ɗaya bayan ɗaya.
Har mai rediyo ya rage murya,
ya ce shi dai matar ce bai yarda da ita ba.
Ba wanda ya sayi komai.
Ban taɓa cin kasuwa irin wannan ba.

Daren jiya, ruwa na yayyafi a Tudun Wada,
na sayi tsiren ɗari biyar.
Ina warwarewa ƙarƙashin fitilar Ɗan'asabe
sai ga attajirin, ga agogonsa,
ga mai gashin baki ya miƙe ya ɗaga yatsa.
Mai ya jiƙa takardar, yaji ya rufe layi biyu,
amma sunan ya fito sarai.

Na karanta sau biyu.
Na cinye naman har albasa.
Na ninke takardar, na tura aljihun ciki.
Gobe Jatau ya ce zai zo da sabuwar hujja,
kuma na riga na aro benci.