Laba Tamanin

Saƙon Kangyang ya iso daga Amurka
ana kiran assalatu, sanyin Jos na cizon yatsu:
"Tanimu, littafin jana'izar Baba,
a buga shi kan takarda mai laba tamanin."

Laba tamanin.
Na bi kantata da ido daga sama har ƙasa,
kowane ƙunshi da giram yake amsa sallama:
saba'in, ɗari da ashirin, ɗari uku.
Babu mai jin yaren laba.

Shi giram ba ya da kwana-kwana.
Falle ɗaya, mita a tsaye, mita a kwance,
ɗora a sikeli, magana ta ƙare.
Ita laba sai an tara falle ɗari biyar
tun wuƙa ba ta taɓa su ba,
kuma kowace takarda da faɗin gidansu.
Tamanin ɗin shafi daban,
tamanin ɗin bango daban,
suna ɗaya, kamar Audu biyu a zaure ɗaya.

Da Baba Davou na nan, da bai nemi alƙalami ba.
Shi da ya auna kuza da laba a Bukuru
kafin ya sayi wannan injin ya girke a Dilimi.
Yakan kama falle da yatsa biyu,
ya kaɗa shi kusa da kunne,
ya ce, "Wannan ta rame, mayar musu."
Shekara sha tara ina kallon yatsun nan,
ban gaji komai ba sai baƙin tawada a farce.

Na juya bayan rasit na yi lissafi.
Na shafi: ɗari da sha takwas.
Na bango: ɗari biyu da sha shida.
Na sake bi, bai canza ba.

Na zaga Taminus har rana ta take.
Ɗari da ashirin na samo,
da ɗari biyu da goma.
Biyu sun hau, shida sun sauka,
mai shago ya ce wa zai lura?

Da dare injin ya yi ta tari,
fuskar Baba na fitowa, tana fitowa,
sau ɗari huɗu, da hularsa a karkace.
Na zari bango ɗaya tawada ba ta bushe ba,
na kaɗa shi kusa da kunne.

Na rubuta wa Kangyang: "An gama."
Giram shidan nan ban faɗa mata ba.
Amma na ji su.